Baƙin ofal da filatinam a zoben 1860: anya shekarar ta yi daidai?

Hajiya Binta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu ilimin kayan ƙawa na da, ku taimaka mini. Na ga wani zobe a kundin wani gidan gwanjo, an rubuta cewa ƙirar Ingila ce ta wajajen 1860. A tsakiya akwai baƙin ofal, wato dutsen ado mai fitar da launuka, yana walƙiyar ja da kore, ƙananan daimon sun zagaye shi, kuma wai duk jikinsa filatinam ne, farin ƙarfen nan mai tsada. Kyau kam ba a magana. Sai dai zuciyata ba ta kwanta da shekarar ba. Shin daga duwatsu da ƙarfe kaɗai mutum zai iya gane lokacin da aka ƙera abu?

Malam Nasiru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ana iya ganewa ƙwarai, kuma zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Cikin abubuwa ukun da aka lissafa, biyu sun saɓa wa shekarar.

Baƙin ofal da duniya ta sani daga Lightning Ridge yake fitowa, a jihar New South Wales ta Ostareliya, kuma bai shiga kasuwa ba sai bayan 1900. Maƙerin Landan na 1860 bai taɓa riƙe irinsa ba. Filatinam kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,768 a ma'aunin Celsius, alhali zinariya a 1,064 take narkewa. Wutar da maƙeran wancan lokacin suke da ita ba ta isa ta sarrafa shi yadda suke so ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 19, da aka samu wutar gas mai haɗe da iskar oksijin, sannan ya zama ƙarfen aiki, ya kuma yi tashe a zamanin Sarki Edward na Bakwai, 1901 zuwa 1910. Da aka ce mini zoben na 1910 ne ko 1920, ba zan yi musu ba.

Usman:
Malam, to da me suke ɗaure daimon kafin filatinam?

Baba Maƙeri:
Da azurfa, ɗana. Sama azurfa, ƙasa zinariya. Suna so farin ƙarfe ya kewaye daimon don kada launin zinariya ya shiga cikinsa ya sa shi rawaya. Amma azurfa tana yin baƙi tana ɓata fata da tufafi, shi ya sa ake shimfiɗa mata zinariya a bayanta. Idan ka juya tsohon abu ka ga gabansa ya yi duhu-duhu, bayansa ja, to ka ci karo da aikin ƙarni na 19 ko wanda ya girme shi.

Amma Malam Nasiru, akwai inda zan ja da kai. Dutse ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Ofal dutse ne mai saurin fashewa. Zobe na iya zama na 1860 da gaske, dutsensa na asali ya tsage bayan shekara hamsin, mai shi ta kai wa maƙeri ya sa mata wanda ake yayi a lokacin. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san tsohon zoben ofal da ke ɗauke da dutsensa na farko ba shi da yawa.

Malam Nasiru:
Wannan gaskiya ne Baba, na yarda. Har a gidan sarautar Ingila an yi haka. Akwai kambin da Yarima Albert ya tsara wa Sarauniya Victoria a 1853, kamfanin Garrard ya ƙera, da ofal aka ƙawata shi. Da ya zo hannun Sarauniya Alexandra, matar Sarki Edward na Bakwai, sai ta sa aka cire ofal ɗin aka maye gurbinsu da jan yakutu, kuma haka yake har yau. Canjin dutse yana iya bayyana ofal ɗin zoben Hajiya. Filatinam ɗin fa? Idan an canza dutse an canza ƙarfe, me ya rage na 1860?

Baba Maƙeri:
Daimon ɗin, watakila. Su kam ba sa tsufa, daga wannan abu ake cirowa a sa wa wancan. Amma a nan kai ne da gaskiya, ba za a kira shi zoben 1860 ba.

Maman Fadila:
Ni tambayata ta koma baya. Idan ba daga Ostareliya ba, daga ina Turawan da suke samun ofal?

Malam Nasiru:
Daga tsaunukan gabashin Sulobakiya ta yau, wurin da ake kira Dubník kusa da birnin Prešov. A lokacin yankin yana ƙarƙashin masarautar Hangari, shi ya sa tsofaffin takardu ke cewa ofal ɗin Hangari. Ɗaruruwan shekaru kusan shi kaɗai ne ke ciyar da Turai. Jikinsa fari ne kamar madara, launukansa ƙanana-ƙanana ne a warwatse, ba irin manyan harsunan wutar na Ostareliya ba. Da aka fara samun ofal a Ostareliya, a Queensland a shekarun 1870, sannan White Cliffs wajajen 1890, sai Coober Pedy a 1915, ma'adinan Dubník suka kasa gogayya, aka rufe su a 1922.

Abin da ke burge ni shi ne da farko 'yan kasuwar Landan ƙin na Ostareliya suka yi. Wani mai suna Tullie Wollaston ne ya ɗauki duwatsun ya kai musu a ƙarshen shekarun 1880, ya sha wahala kafin ya samu masu saye, don idanunsu sun saba da mai sanyin launi, suna ganin wannan hasken ya yi yawa.

Darajar dutsen kuwa ta daɗe. Marubucin Rum Pliny, wanda ya rasu a shekara ta 79 miladiyya, ya ba da labarin wani ɗan majalisa mai suna Nonius da ya zaɓi gudun hijira a kan ya miƙa wa Mark Antony, ɗaya daga cikin shugabannin Rum, zobensa na ofal.

Zainab A.:
Bari in sa baki ta ɓangaren kimiyya, don shi zai sa a fahimci maganar Baba ta fashewa. Ofal ba ƙanƙararren dutse ba ne irin daimon. Silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi, mai ruwa a cikinta, yawanci kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. Kuma launukan nan da muke gani babu rini ko ɗigo a cikinsu. Jikin dutsen cike yake da ƙananan ƙwallayen silika da ido ba ya gani, an jera su sahu-sahu. Idan girmansu ɗaya ne kuma jerin bai karkace ba, haske na shiga tsakaninsu ya rarrabu zuwa launuka. Ƙanana suna ba da shuɗi, manya suna ba da ja, kuma da yake manyan ba su cika jeruwa daidai ba, mai jan wuta ya fi wuyar samu. Masana a Ostareliya ne suka gano haka a shekarun 1960 da madubin kimiyya mai aiki da lantarki. Wato duk sarauniyoyin da ake magana sun sa shi sun mutu ba su san daga ina launin yake zuwa ba.

A ma'aunin tauri na Mohs, daimon 10 ne, ofal 5.5 zuwa 6.5. Ƙurar da ke yawo a iska tana da ɓurɓushin yashi mai taurin 7. Ƙura kawai ta isa ta dusashe fuskar ofal a hankali.

Hajiya Binta:
Ikon Allah. Wato an haɗa mafi tauri da mai laushi a zobe ɗaya.

Baba Maƙeri:
Da gangan ne, Hajiya. Daimon ɗin da ke kewaye ado ne, kuma katanga ce. Hannu ya bugi ƙofa, su za su fara karɓar dukan kafin ya kai gefen ofal, kuma gefen nan shi ne inda ya fi sirantaka. Sannan farin haskensu yana sa launin na tsakiya ya fito. Maƙeran da ba su karanta abin da 'yata Zainab ta karanta ba, amma hannunsu ya san dutsen.

Usman:
Na taɓa jin cewa Turawa suna camfa ofal, wai yana kawo rashin sa'a, kuma wai wani littafin ƙagaggen labari ne ya jawo.

Malam Nasiru:
Littafin Walter Scott ne, Anne of Geierstein, na 1829. A ciki akwai wata mace mai ofal a gashinta da ke canza launi bisa halin da take ciki. Ɗigon ruwan coci ya taɓa dutsen, haskensa ya mutu, ita ma daga baya toka kawai aka tarar a inda aka kwantar da ita. Littafin ya karɓu sosai, kuma ya taimaka wajen yaɗa camfin. Shi ma cire ofal daga kambin nan da na ambata, da wannan camfin ake danganta shi.

Baba Maƙeri:
Ni ina ganin an ɗora wa littafin kayan da ba nasa ba duka. Ku tambayi maƙeri. An kawo maka dutsen mai kuɗi, kana danna haƙorin ƙarshe cikin haƙoran ƙarfen da ke riƙe shi ya ce ƙas, ya rabu biyu, kai za ka biya. Ko mace ta fito daga ɗaki mai wutar jin ɗumi ta shiga sanyin Turai, dutsen ya yi tsaga-tsaga a yatsanta ba wanda ya taɓa shi. Wanda bai san akwai ruwa a cikinsa ba me zai ce? Camfi ya samu ƙofa a buɗe ne.

Maman Fadila:
Kuma ga Victoria ta yi ta sa shi tana ba 'ya'yanta mata kyauta, ta yi shekara 63 a kan mulki. Dutse ba ya amfanarwa ba ya cutarwa.

Aliyu:
Ku yi haƙuri, zan ɗan karkatar da zancen. Tun ɗazu ana ta sarauniyoyi da maƙera, ba wanda ya ambaci wanda ya shiga rami. Daimon ɗin da ke zoben 1860, in na asali ne, mafi yawa daga Burazil ya fito. An gano shi a Minas Gerais wajajen 1725, a garin da yanzu ake kira Diamantina, kuma bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka tsaya cikin ruwan rafi suna wanke tsakuwa, masu gadi na zaune a kansu. Burazil ba ta haramta bauta ba sai 1888. In kuma dutsen na bayan 1870 ne, to Kimberley ce ta Afirka ta Kudu. A can, daga shekarun 1880, baƙaƙen ma'aikata a killace suke cikin shinge har kwantiraginsu ya ƙare, ana caje jikinsu kafin su fita. A 1888 ɗin dai Cecil Rhodes ya haɗe ma'adinan ƙarƙashin kamfanin De Beers. Ni idan na ga irin waɗannan kayan, wannan nake fara gani kafin kyan.

Zainab A.:
Yaya Aliyu, ba na musun ko ɗaya. Amma me za a yi da dutsen da aka riga aka haƙo shekara 150 da suka wuce? Jefar da shi ba zai mayar wa kowa haƙƙinsa ba. Wanda ya sayi tsoho aƙalla bai sa an haƙa sabon rami ba.

Aliyu:
Ban ce a jefar ba, ƙanwata. Cewa na yi a faɗa. Kundin gwanjo zai rubuta sunan maƙeri, da sunan matar attajirin da ta fara sa shi, da bikin da ta je da shi. Inda aka haƙo da yadda aka haƙo, shiru. In tarihi ne ke ƙara wa abu kuɗi, to a kawo tarihin duka.

Malam Nasiru:
Ina tare da Aliyu a nan, kuma maganarsa tana da amfani har wajen gane shekaru. Tarihin daimon zango uku ne kafin ƙarni na 20. Na farko Indiya, wadda ta yi fiye da shekara dubu kusan ita kaɗai, musamman ma'adinan bakin kogin Krishna da ake sayar da duwatsunsu a Golconda. Can ne ɗan kasuwar Faransa Tavernier ya yi ta zuwa a ƙarni na 17, har ya sayar wa Sarki Louis na 14 shuɗin daimon ɗin da daga baya aka sake yankawa ya zama shahararren daimon ɗin da ake kira Hope. Na biyu Burazil. Na uku Afirka ta Kudu, daga 1867 da wani yaro, Erasmus Jacobs, ya tsinci dutse mai nauyin karat 21 a kusa da kogin Orange. Kafin wannan, daimon na sarakuna ne da manyan attajirai. Bayan Kimberley ne ya wadata har matar ɗan kasuwa ko ta likita ta iya sa zobe mai zagayen daimon. Ku lura, wadatar daimon ɗin Afirka ta Kudu da zuwan ofal ɗin Ostareliya kusan lokaci ɗaya suka faɗo. Wannan ne ya sa mafi yawan tsofaffin zobban ofal da daimon da ke yawo a kasuwa na tsakanin 1890 ne da 1915.

Hajiya Binta:
Wannan bayanin ya warware mini abu da yawa. To su ƙananan daimon ɗin, yaya zan gane tsoffin yanka ne? A hoto dai duk walƙiya suke.

Baba Maƙeri:
Ki nemi a aiko miki hoton da aka ɗauka daga sama, kusa sosai. Ki duba tsakiyar kowane dutse. Tsohon yanka za ki ga ɗan da'ira a can ƙasa kamar rami, domin masu yankan da suna datse tsinin gindin dutsen su bar shi da faɗi. Na zamani tsininsa a rufe yake, ba za ki ga komai ba. Sannan tsohon yana da tudu, fuskarsa ta sama ƙarama ce, fuskokin gefe manya ne. Kuma ba za ki samu biyu da suka zama ɗaya sak ba. Wani ya ɗan yi kusurwa huɗu, wani ya karkace, don da hannu da ido aka yi su, ana bin siffar ɗanyen dutsen don kada a yi asarar nauyi.

Akwai kuma wanda ya girme shi, mai shafaffen gindi, samansa a tashe da fuskoki masu kusurwa uku. Shi ba ya tartsatsi, sheƙi yake a hankali. A kayan zamanin sarakunan Ingila masu suna George, kafin 1837, sau da yawa bayan dutsen a rufe yake ruf, an sa masa fallen ƙarfe mai sheƙi a ƙasa don ya mayar da haske. Irin wannan ko kusa da ruwa kada ya je. Ruwa ya shiga bayan, fallen ya yi baƙi, dutsen ya mutu.

Zainab A.:
Ƙari a kan na Baba: dutse mai cikakken da'ira bai yawaita ba sai da aka samu injin goge gefe a shekarun 1870. Lissafin kusurwoyin da yankan zamani ya ginu a kai kuma Marcel Tolkowsky ne ya wallafa shi a 1919. In duk daimon ɗin zoben da'ira ne cif, girmansu ɗaya, tsininsu a rufe, to su ma ba na 1860 ba ne.

Usman:
Ba a buga hatimi a jikin zobe ne? Ai da shi za a huta.

Malam Nasiru:
In akwai shi, ya fi komai. Ingila tana da ofisoshin gwada ƙarfe, kowanne da alamarsa. Landan kan damisa, Birmingham ƙugiyar tsayar da jirgin ruwa, Chester damman alkama uku da takobi, ita an rufe ta a 1962. Kusa da alamar akwai harafi ɗaya da ke nuna shekara. Akwai wata alama mai sauƙi da nake so kowa ya riƙe: zinariya mai karat 15, wato kashi 15 cikin 24 zinariya zalla, an halatta ta a Ingila a 1854, aka soke ta a 1932. Duk inda kuka ga 15 a jikin kayan Ingila, kun san tsakanin da yake. Faransa kuma kan gaggafa take bugawa a zinariya mai karat 18 tun 1838. Sai dai kayan ƙawa da yawa na ƙarni na 19 ba su da hatimi sam, don doka ba ta tilasta wa kowane iri ba. Rashinsa ba ya nuna jabu ne.

Baba Maƙeri:
Kuma in an taɓa rage zoben ko ƙara shi, sau da yawa daidai wurin hatimin ake yankewa. Abin yana ba ni takaici. Ga sauran jikin zobe duk fili, sai mutum ya sa zarto a kan shaidar.

Maman Fadila:
Ni abin da ke ba ni tsoro shi ne na jabu. Baƙin ofal ɗin nan, ba a haɗa shi?

Zainab A.:
Ana yi, Anti, hanyoyi da dama. Akwai mai hawa biyu: a yanko ofal siriri a manna shi da gam a kan baƙin dutse ko gilashi, sai ya yi kama da baƙin ofal na gaske. Akwai mai hawa uku, an ƙara masa murfi mai haske a sama. In kika kalle shi ta gefe za ki ga layin haɗin a miƙe. Shi ya sa in an rufe gefen da bayan da ƙarfe gaba ɗaya, sai a yi hattara. Akwai na ɗakin gwaji, wanda Pierre Gilson ya fitar a shekarun 1970, launukansa sun cika tsari, in an ƙara girmansu sai ki ga zane irin na fatar ƙadangare. Sannan tun 2008 akwai ofal ɗin Wollo na Habasha. Shi na gaske ne, kyakkyawa kuma, amma yana shan ruwa, don haka yana karɓar rini da hayaƙi, ana iya baƙanta shi. Duk waɗannan in an same su a zoben da aka ce na 1860 ne, dutsen baƙo ne a gidan.

Aliyu:
Na Habashan nan, in an sayar da shi da sunansa, ba shi da wani aibu. Matsalar sai an laƙaba masa sunan Lightning Ridge don a ninka kuɗi.

Hajiya Binta:
Na rubuta abin da zan nema: hoton gefe, hoton baya, hoton cikin zoben, da takardar gwajin dutse daga ɗakin gwaji mai zaman kansa. Tambaya ta ƙarshe, Baba. Wata ƙawata ta gaji 'yan kunne masu tsohon yankan daimon, an ba ta shawara ta kai a sake yanka su irin na zamani don su ƙara haske. Me ka gani?

Baba Maƙeri:
Ki ce mata kada ta yi. Nauyi zai ragu, wani lokaci sosai, kuma abin da aka goge ba ya dawowa. Waɗannan duwatsun don hasken kyandir da fitilar mai aka yanka su. Ta kunna ƙaramar fitila da dare ta duba, za ta ga suna jefo launi manya-manya a hankali, abin da na zamani ba ya yi. Yankan zamani ko'ina akwai shi. Wanda ya yanka nata ya yi shekara ɗari a ƙasa, ba mai sake yin irinsa.

Usman:
Amma Baba, kayanta ne. In ita haske take so fa?

Baba Maƙeri:
To ta sayar wa mai son tsohon, ta sayi sabo, kowa ya samu abin da yake so. Masu neman tsohon yanka suna nan da yawa.

Zainab A.:
In akwai ofal a jikinsu kuma, kada ta sa su a na'urar wanki mai girgiza ruwa, kada ta ba su tururi, kada ta shafa musu mai. Maganar cewa mai yana hana ofal bushewa ba ta da tushe, shiga yake cikin tsaga ya dusashe launi. Ƙyalle mai laushi da ɗan ruwa mai ɗumi sun isa. Wajen ajiya kuma kowanne da jakarsa, don daimon ɗin ɗan kunne ɗaya zai iya karce ofal ɗin ɗayan.

Baba Maƙeri:
Kuma in haƙori ya saki za a yi masa liƙi, ta tsaya ta ga an ciro ofal ɗin tukuna kafin a kunna wuta. Maƙerin da ya ce ba sai an cire ba, ta karɓi kayanta ta nemi wani.